Akwatin da Ba Shi da Baya

Litinin, 22 ga Agusta 1983, da hantsi

Yau na fito da akwatin Yaya Badaru daga ɗakin Inna. Ni kaɗai na jawo shi, saura ƙiris ƙuguna ya ɓalle. Akwatin lasifika ne, irin wanda masu kiɗan otal ke jona wa jita. Tsayinsa ya kawo min cinya. Lasifika biyu ne a ciki, kowace ta kai faifai, an ja musu wani ƙyalle ruwan ƙasa ta gaba. Bayansa kuwa wayam, sai ɗan katako a sama da ɗan katako a ƙasa. An sace bayan ke nan, ko ya faɗi a mota.

Abin da ya ba ni haushi, babu suna. Na duba gaba, na duba gefe, na kifa shi na duba gindi. Ni Sama'ilu, da na buɗe cikin kusan kowace rediyo daga nan har Ɗanbatta, ban taɓa ganin kayan Bature ba tambari ba. Ko ashana suka yi sai sun rubuta sunansu.

Bari in rubuta yadda abin yake, ko kaina ya tsaya wuri ɗaya. Yaya Badaru ya yi shekaru yana kaɗa jita a wani otal a Sabon Gari tare da 'yan Gana. Da aka ce baƙi su bar ƙasa a farkon shekarar nan, ƙungiyarsu ta watse, shi ma muka daina jin ɗuriyarsa. Sai da damina ta faɗi wata babbar mota ta sauke shi a bakin titi, jita a kafaɗa, ga wannan akwati. Tun ranar bai ce uffan ba. Yana ci, yana sallah, yana kallon bango. Iyakar abin da na sani ke nan, kuma ba na son ƙari.

Jiya Baffa Nababa, ƙanen mahaifinmu, wanda shi ne babba tun rasuwar Baba, ya ce in Babbar Sallah ta wuce Yaya bai yi magana ba, zai kai shi gidan wani mai magani can gaba da Kazaure. Na san gidan. Na taɓa kai musu gyara, ko ruwa ban tsaya sha ba. Mari ake sa wa mutane a ƙafa.

Dabarata ɗaya ce: in sa akwatin nan ya yi kuka kafin Sallah. Mutumin da ya bar kayan sawarsa a Kano ya ɗauko wannan uban nauyi, ai ba zai ji muryarsa ya yi shiru ba.

Litinin ɗin dai, bayan la'asar

Hadari ya haɗo ta gabas, ya watse.

Laraba, 24 ga Agusta, bayan azahar

Kazar Inna ta riga ni gano amfanin akwatin. Na zo da safe na tarar ta yi ƙwai a ciki, tana harara ta kamar ni na shigo mata ɗaki. Inna ta ce in bar mata. Na ce Inna, wannan fa kayan Ingila ne. Ta ce ita ma kazar ba daga bola aka tsinto ta ba.

Na kwance lasifikun na shimfiɗa a tabarma. Ashe ba uwa ɗaya uba ɗaya ba ne! Ƙarfen ɗaya ruwan toka ne, na ɗayar kore-kore. Akwai wasu lambobi a bayan maganaɗisun mai koren, amma tsatsa ta cinye rabi. Na sa mita, duk biyun da ransu, alhamdu lillahi. Sai dai takardar ɗayar ta tsage, tsawon ɗan yatsa.

Kafin azahar rumfata ta cika da masana. Ɗanliti kafinta ya shinshina katakon, ya ƙwanƙwasa, ya ce ya rantse da Allah aikin Jamus ne. Na ce ka taɓa ganin Bajamushe? Ya ce a'a, amma ya taɓa riƙe zartonsu. Baba Dogo maƙwabcinmu, mai gangar noma, wanda mutanensu suka koma coci shekarun baya, ya ce ya ga irinsa sak a wurin Turawan mishan. Ni dai ina nan kan Ingila. Muka yi ta musu har tuwo ya tuna mana da kansa, kowa ya kama gabansa.

Yaya lafiya lau. Ya ci abinci.

Juma'a, 26 ga Agusta, bayan masallaci

An sake roƙon ruwa. Na bi ta bayan gari na dawo don kada in bi ta gonarmu.

Lahadi, 28 ga Agusta, da yamma

Na je kasuwar Ɗanbatta. Shi akwatin nan baki ne kawai, sai an samo masa abin da zai hura masa ƙarfi, kuma Yaya bai zo da wancan injin ba. Na yi sa'a wani direban a-kori-kura yana da tsohon kaset ɗin mota da ya daina jan zare. Na gyara masa rediyon gidansa, ya bar min shi, ya kuma ara min tsohon batir. Na ɗauro su a keke ina waƙa, har wata tsohuwa ta tambaye ni ko haihuwa aka yi min.

Ban leƙa layin hatsi ba. Kara kuwa ta cika maƙil, shanu ko'ina, ƙashin haƙarƙari a waje, babu mai taya su. Ban tsaya ba.

Talata, 30 ga Agusta, da hantsi

Na gasa ƙarfen liƙi a gawayi, na cire wayoyin da ke zuwa kan kaset ɗin, na liƙa su a wayar jita. Ban taɓa ganin an yi haka ba, amma ban ga abin da zai hana ba.

Saura jitar. Tana ɗakin Yaya, jingine a kusurwa. Na yi sallama na shiga, na durƙusa, na ce, "Yaya, zan ari jitar." Shiru. Na ce, "In ba ka so, ka ce kada in ɗauka." Ka ji wayo! Shiru dai. Na ɗauka. Amma da na kai bakin ƙofa na waiga, idonsa ba ya kan bango, yana kan hannuna.

Na jona, na ɗana batir, na ja tsirkiya ɗaya. Kai jama'a! Akwatin ya yi wata irin ƙara sai ka ce an taka wa jaki wutsiya. Kaza ta haye katanga. Inna ta fito da muciya tana salati. Ni kuwa baki har kunne, don ya yi kuka. Kukan ne dai ba daɗi, tsagar nan tana ziza kamar ƙudan zuma a tulu.

Alhamis, 1 ga Satumba, bayan la'asar

Baba Dogo ya zo ya tsuguna gaban lasifikar ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Ɗan Kaltume, wannan ai ganga ce. Takarda kawai suka sa maimakon fata, don rowa." Na ce Baba, ganga dukanta ake yi. Ya ce ita ma wannan dukanta ake yi, ta ciki.

Ya koma gida ya kawo min tantani, siririyar fatar nan da suke rufe bakin kalangu da ita. Na yanki ɗan ƙanƙane, na jiƙa ƙaro, na manna a kan tsagar ciki da waje, na ajiye a inuwa. Da ya bushe na gwada. Wallahi zizar ta tafi! Muka tafa da Baba Dogo, ya tashi ya taka rawa da ƙafarsa mai ciwo.

Na ja akwatin har gindin tagar Yaya na yi ta kaɗawa. Ni ban iya jita ba, ko kusa. Abin da nake so ke nan. In daɗi bai fito da shi ba, haushi ya fito da shi.

Bai fito ba. Ya ci abinci.

Asabar, 3 ga Satumba, da hantsi

Allah ya isa tsakanina da tsohon nan! Na je rijiya na dawo, na kunna, sai na ji akwatin yana magana ta hanci kamar saniya mai mura. Na ɗaga ƙyallen. Ashe Baba Dogo ya lallaɓo ya danƙara wa tsakiyar kowace lasifika nake, baƙin danƙon nan da makaɗa ke liƙa wa fatar ganga don muryarta ta yi kauri. Har da shafe shi sumul da babban yatsa.

Na same shi a ƙofar gidansa yana jiran yabo. Na ce, "Baba, ka kashe ni." Ya ce, "Muryar ba ta yi kauri ba?" Na ce ta yi, har ta kasa tashi. Ya ce to haka dattijai suke magana.

Rabin yini na yi ina kankarewa da tsinke, ina zagi a ciki, ina dariya a waje. Takardar ba ta huje ba, Allah ya rufa asiri.

Litinin, 5 ga Satumba, da azahar

Inna ta ce ta lura cin rana yana sa mutum kasala, saboda haka daga yau sai na dare. Na ce ai ni ma na daɗe da lura. Kwanon Yaya dai ba a taɓa shi ba, nasa yana nan sau biyu.

Laraba, 7 ga Satumba, bayan la'asar

Baffa Nababa ya zo ya tarar da ni gindin taga ina azabtar da jita. Ya ce, "Kai Sama'ilu, kana da hankali kuwa? Kiɗan nan ne ya jawo masa abin da ya same shi, kai kuma kana ƙara kira masa iskokai."

Na ce, "Baffa, ba kiɗa ba ne."

Ya ce, "To mene ne?"

Ban sani ba, kuma wanda ya sani yana bayan bangon nan yana jin mu.

Ya ce shi ma ba don mugunta ba ne, ɗan wansa ne, yana kwana da abin a ransa. Na san gaskiya ya faɗa, shi ya sa raina ya ƙara ɓaci. Na ce, "Baffa, ka taɓa shiga gidan nan ka gani da idonka?" Ya ce mutane suna warkewa. Na ce wasu. Ya ce in iya bakina. Na iya.

Alhamis, 8 ga Satumba

Ban taɓa akwatin ba yau.

Lahadi, 11 ga Satumba, da sassafe

Tabɗi! Bari in rubuta tun ban manta yadda na ji ba.

Jiya da yamma na gaji, na mayar da jitar ɗakin Yaya na jingine. Yau na ɗauko, na ja yatsa a kan tsirkiyoyin gaba ɗaya yadda na saba, ina jiran kukan kare. Sai na ji wani abu mai daɗi ya fito, a jere, kowace tana bin 'yar'uwarta. Ni na san yadda na bar ta. Na murɗa kunnuwan ɗaure tsirkiyoyin nan son raina tun ranar farko. Wani ya gyara su, kuma ba kazar Inna ba ce.

Na ruga na gaya wa Inna, ta zauna a kan turmi ta rufe fuska da gefen mayafi. Na ruga gidan Baffa. Ya saurare ni har ƙarshe, ya ce, "Madalla. Amma ni baki na ce, ban ce hannu ba."

To. Na sake murɗe kunnuwan duka, na mayar masa. Mu zuba, ni da shi.

Talata, 13 ga Satumba, bayan azahar

Kullum in ɓata, kullum in tarar an gyara. Magana dai babu.

Yau kuma ɓera ya shiga ta baya ya gwaguye wayar lasifika ɗaya, ya bar min kashinsa shaida. Su ma ba su da abin ci bana. Na liƙe wayar, na ce wannan wulaƙanci ya isa. A garin nan ko tukunyar miya ba a bari a buɗe, balle kayan Ingila. Kaza ta shiga, ɓera ya shiga, gobe sai maciji. Kuma ni a ganina rabin ƙarar ta baya take zurarewa a banza. In na toshe, duk za ta taru ta doki tagar Yaya.

Na kira Ɗanliti ya auna. Ya ce Jamusawa ba sa barin aiki haka, lalle ɓarayi ne suka ɓalle bayan. Sai dai ba shi da katako ko na rantsuwa. Muna tsaye muna tunani, idona ya faɗa kan ƙyauren rumbunmu. Na tambayi Inna. Ta kalli rumbun, ta ce, "Ɗauka mana, me yake tsarewa?" Muka yi dariya mu duka uku, har ta fi ƙarfin maganar.

Alhamis, 15 ga Satumba, da yamma

Baffa ya yi magana da mai motar da zai kai Yaya. Litinin da safe, in ji shi. Inna ta wanke wa Yaya rigunansa biyu, ta ce na Sallah ne.

Hadari ya haɗo.

Juma'a, jajiberen Sallah, da almuru

Ya yi magana! Ya yi magana, kuma zagina ya yi!

Bayan masallaci Ɗanliti ya kawo ƙyauren, ya yanke shi daidai, ya goge. Muka kafa shi da ƙusoshi, ko iska ba za ta shiga ba. Baba Dogo yana nan, Inna tana tankaɗe a gefe, Baffa ya shigo kawo wa Inna saƙo ya tsaya kallo. Na ɗana batir na ja tsirkiya. Ƙarar ta fito ta gaba a dunƙule, har na ji ta a cikina. Ɗanliti ya ce, "Ka ji Jamus!" Na ce Ingila dai. Na yi ta bugawa ina jin kaina.

Sai asabarin ɗakin Yaya ya ɗaga.

Ya fito yana kare ido da hannu. Bai kalli kowa ba. Ya zagaya bayan akwatin, ya tsaya, ya ɗora tafin hannunsa a kan ƙyauren. Na saki jitar.

Ya ce, "Wa ya rufe?"

Muryar ta dushe kamar ta mai tashi daga zazzaɓi. Rariya ta faɗi daga hannun Inna.

Ya ce, "Sama'ilu, da kai nake. Uban wa ya ce ka rufe?"

Na ce, "Yaya, ɓera ne..."

Ya ce, "Ɓeran gidanku! Cire."

Wallahi tunda nake ba a taɓa zagina na ji daɗi haka ba. Na ce, "Ai an sace bayan ne, Yaya, shi ne muka yi masa sabo."

Ya ce, "Ba a sace ba. Haka Kwesi ya yi shi."

Na ce wane ne Kwesi. Ya ce mai gangunansu, ɗan Gana. Ya ce da hannunsa ya haɗa akwatin, da katakon wani tsohon kanta na otal ɗin, lasifikun kuma ɗaya daga silima ya samo, ɗaya a 'yan gwangwan. Na saci kallon Ɗanliti, shi ma ya saci kallona. Jamus da Ingila duk suka kwanta a Sabon Gari.

Yaya ya ce, "A bayan akwatin yake zama da ganguna. Ta nan yake jina. In ka rufe, ta ina zai ji?"

Daga nan bai ƙara ba, ni ma ban tambaya ba. Ɗanliti ya sa hamarsa ya zare ƙusoshin da ya gama kafawa yana alfahari, ko ƙorafi bai yi ba. Baba Dogo yana ta faɗin sunan Allah da irin nasu. Inna ta tsugunna tana tsince garin da ya zube, tana ta tsincewa bayan babu sauran abin tsinta.

Baffa ya dubi Yaya. Can ya ce, "Badaru." Yaya ya ce, "Na'am, Baffa." Baffa ya fyace hanci da gefen rawani, ya ce bari ya je ya ga mai motar nan kafin magariba, kada mutum ya ɓata ranarsa a banza.

Ƙyauren na mayar wa rumbu.

Asabar, ranar Sallah, bayan magariba

Ba mu yanka komai ba, amma Baba Dogo ya aiko da zabi, wai nasu barka da Sallah. Inna ta ce yau cin rana ba ya kawo kasala.

Yaya ya je idi. Maganarsa kaɗan-kaɗan ce, a gaishe shi ya amsa, shi ke nan. Ya ishe ni.

Da la'asar ya ce in fito da akwatin tsakar gida. Ya duba facin tantanin ya ce wa ya yi, na ce ni da Baba Dogo, ya ce ba laifi. Ya ga wayar da na liƙa a kaset ya girgiza kai, ya ce Allah ya shirye ni. Ya zauna a kujerar Inna, ya rungumi jitar, ya fara. Ashe haka abin nan yake kuka! Mata suka leƙo ta kan katanga. Ni ina gabansa a tsugune, bakina a buɗe.

Bai yi nisa ba ya tsaya. Ya sake farawa, ya sake tsayawa a daidai wurin, kamar mai jiran a amsa masa. Na ga wuyansa yana son juyawa, yana hana shi.

Ya ce, "Sama'ilu, koma bayan akwatin ka zauna."

Na ce, "Yaya, ni fa ban iya ganga ba."

Ya ce, "Ban ce ka kaɗa ba. Zauna dai."

Na zagaya na zauna a ƙasa, lasifikun nan biyu suna huro min iska a fuska. Ya ɗauko daga farko, wannan karon ya wuce wurin bai tsaya ba. Har aka kira magariba yana kaɗawa, bai waiwayo ba.